Yadda Ake Aski da Gidan Reza na Ƙarfe, Buroshi da Sabulu Ba Tare da Yanka ko Ƙuraje Ba

Tun ranar da na ambaci cewa na yi shekaru rabona da shagon aski don gyaran fuska, tambaya ɗaya ke ta dawo mini daga bakin mutane daban-daban: "Malam, wai yaya kake yi reza ba ta yanka ka?" Wasu kuma kukansu makero ne, wato ƙurajen da ke fesowa bayan aski. Wani ya ce duk ranar da ƙarfe ya taɓa wuyansa, bayan kwana biyu sai ƙuraje su feso kamar an watsa gero. Amsa ɗai-ɗai ta gajiyar da ni, shi ya sa na zauna na rubuta abin gaba ɗaya, tun daga sayen kaya har zubar da tsohuwar reza.

Abin da nake nufi shi ne gidan reza na ƙarfe, wanda ake kwancewa a saka masa reza mai baki biyu, irin wadda ake samu a teburin kowane mai tireda. Ba askar wanzami ba ce, wannan sai mai zabira. Ba kuma na roba mai baki uku ko biyar ba ne. Hanyar ɗaya ce, ko kumatu da wuya kawai kake gyarawa ka bar gemunka, ko aiki ya sa dole ka kwashe fuska duka kamar soja da ɗan sanda, ko kuwa ƙwal-kwabo kake so a ka. Abu biyu zan yi ta nanatawa har ka ƙosa: kada ka danna, kada kuma ka nace sai fuskarka ta yi sulɓi kamar kwalba. Gashinmu mai murɗewa ba ya yafe ko ɗaya daga cikinsu.

Mataki na 1: Haɗa kayan aiki

Gidan reza. Iri biyu za ka fi cin karo da su. Akwai mai rabuwa uku: idan ka murɗe mariƙin, sai murfi da faranti da mariƙi kowa ya yi gefe. Akwai kuma wanda ake murza gindinsa, kan ya buɗe biyu kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. Na biyun ya fi sauƙin saka reza, amma na farkon ya fi ƙarko da daɗin wanki, don ba wani abu a cikinsa da zai lalace. Sai ka duba ƙarƙashin inda bakin reza ke leƙowa. Idan sandar da ke wurin miƙaƙƙiya ce, wannan ne na sabon shiga. Idan haƙora gare ta kamar mataji, ya fi cizo, ka bar shi tukuna sai hannunka ya faɗa.

Waɗanda suka yi suna wajen sauƙin hali su ne Merkur 34C da Mühle R89 na Jamus, da Edwin Jagger DE89 na Ingila, kuɗinsu a ƙasashen waje yakan kama daga dala 30 zuwa 50. Amma ba dole sai su ba. Lord na Masar, Parker na Indiya da Weishi na Chaina sun fi araha, wasunsu ba su kai dala 10 ba, kuma suna aiki. Ni da irin waɗannan na koya. Abin da kawai za ka tabbatar shi ne yana da ɗan nauyi a hannu, domin nauyin nan shi ne zai yi maka askin.

Reza. Kowace reza mai baki biyu tana shiga kowane gida, girmansu ɗaya ne a duk duniya. Kaifinsu ne ya bambanta. Feather ta Japan ita ce sarkin kaifi, ba ta san wasa ba, kada ka fara da ita. Derby ta Turkiyya tana da sanyin hali, amma mai gashi mai tauri zai ji tana jan gashin maimakon yankewa. Astra mai koren kwali tana tsakiya, kuma ita nake ba yawancin masu farawa shawara. Akwai Shark ta Masar, Dorco ta Koriya ta Kudu, Treet ta Pakistan, ga kuma Nacet mai hoton kada da Tiger da muka taso muna gani. Kada ka yi garaje ka sayi kwalin guda 100 tun farko. Sayi ƙananan fakiti iri uku ko huɗu, ka gwada kowanne na mako biyu. Rezar da ta yi wa abokinka daɗi tana iya zame maka ƙarangiya.

Hattara: jabun reza sun yi yawa. Idan sabuwa fil ta fara fizgar gashi tun jan farko, ko ka ga ɗigon tsatsa a jikinta daga cikin takarda, jefar da ita, kada ka ce ai ka riga ka biya.

Buroshi. Nan akwai abin da mai shago ba zai gaya maka ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Yawancin buroshin aski masu araha da gashin alade ake yin su. Idan ka ga an rubuta "boar" ko "pure bristle" a kwalin, to shi ne. Wanda aka rubuta wa "badger" gashin wata dabbar daji ce dangin dage, yana da laushi da tsada. Akwai na gashin doki, akwai kuma na zaren roba, wanda ake rubuta wa "synthetic". Na robar nan nake amfani da shi, kuma ba don gudun alade kaɗai ba: ba ya buƙatar jiƙo, ba ya wari, yana bushewa da wuri, ba ya shan sabulu da yawa. Da dala 10 zuwa 15 ana samun mai kyau.

Sabulu. Na aski daban yake da na wanka. Na wanka kumfarsa manyan ƙwayoyi ce, tana fashewa kafin ka gama kunci ɗaya. Arko na Turkiyya, wanda ke zuwa kamar sandar alli mai kauri, shi ne mafi araha cikin masu kyau, kuma sanda ɗaya tana ɗaukar watanni. Proraso na Italiya mai koren kwali yana da sanyi a fata. Akwai kuma kirim na Palmolive mai zuwa a bututu kamar man goge baki. Idan duk babu, sabulun salo mai kyau yana rufa asiri, sai dai yana busar da fata, musamman da hunturu.

Sauran tarkace duk na gida ne: dunƙulen alif (wanda wasu ke kira alam, irin na tace ruwa), man kaɗanya, ƙaramin tawul naka kai kaɗai, ƙaramin kwano, madubi a wuri mai haske, da gwangwanin madara wanda babu komai a ciki. Idan alif ɗin yana da kaushi ko tsini, goga shi a ƙarƙashin ruwa har gefe ɗaya ya yi sumul.

Maganar kuɗi kuwa, farkon ne kawai ke da ɗan nauyi. Ɗauka kana aski sau uku a mako, wato sau 156 a shekara. Idan kowace reza ta yi maka aski huɗu, reza 39 kake buƙata a shekara. Kwalin guda 100, wanda a waje bai cika wuce dala 10 zuwa 15 ba, zai kai ka shekara biyu da rabi. Gidan rezar kuwa, in ba faɗuwa ya yi a kan siminti ba, har ɗanka zai gada.

Mataki na 2: Karanta kwanciyar gashinka

Wannan ake tsallakewa, kuma daga nan rabin matsalar ke farawa. Bar fuskarka kwana biyu ko uku ba aski. Sannan ka tsaya gaban madubi ka riƙa shafa ta da yatsu ta kowane ɓangare. Inda ka ji laushi, nan gashin ya kwanta. Inda ka ji kaushi yana tokare yatsa, ka saɓa masa ke nan.

Kowa yana zaton gashin fuska daga sama yake gangarowa ƙasa. A kumatu, galibi haka ne. A wuya kuwa labari ya sha bamban: wani nasa sama yake hawa daga ƙasan wuya, wani gefe yake tafiya wajen kunne, wani kuma yana da wurin da gashin ya yi ta juyawa kamar guguwa a gefen zakaran wuya. Mutum zai yi shekara goma yana jan reza daga sama zuwa ƙasa yana zaton yana bin gashinsa, alhali a wuya saɓa masa yake yi kullum. Shi ya sa ƙurajen nan suka fi son wuya. In da hali, zana fuska a takarda ka sa kibiyoyi, ka manna a gefen madubi. Za a yi maka dariya a gida, amma mako biyu kawai kake buƙatarta.

Hattara: idan yanzu haka kana da ƙuraje a fuska ko wuya, kada ka ɗora musu reza. Bar wurin ya huta mako uku zuwa huɗu, kana rage gashin da almakashi ko kilifa ba tare da ta kai fata ba, har su kwanta. Haka kuma idan gashin ya yi tsawo, fara rage shi tukuna. Gidan reza ba lauje ba ne, dogon gashi toshe shi yake yi.

Mataki na 3: Jiƙa gashin

Busasshen gashin gemu tauri gare shi kamar waya. Idan ya sha ruwa sai ya kumbura ya yi taushi, reza ta wuce salin-alin. Mafi sauƙi shi ne ka yi aski da zarar ka fito daga wanka. In ba haka ba, wanke fuska da sabulu don maiƙo ya fita, sannan ka jiƙa tawul da ruwan ɗumi ka ɗora a wurin na minti uku, kana sake jiƙa shi idan ya huce. Minti uku na gaske, ba na mai sauri ba.

Ruwan ya zama mai ɗumi, irin wanda za ka iya yi wa yaro wanka da shi. Tafasasshe daga fulas yana ƙona fata ya bar ta da saurin jin zafi tun kafin reza ta iso. Kada kuma ka goge fuskar bayan nan, a jiƙe ake son ta.

Mataki na 4: Saka reza

Da busassun hannuwa. Buɗe takardar, ka riƙe rezar ta gajerun gefunanta biyu, ba ta bakin ba. Kifa murfin a tafin hannunka ko a kan tawul, ɗora rezar a kan ƙusoshinsa, ɗora farantin, sannan ka murɗa mariƙin har ya ɗaure. Za ka ga rezar ta ɗan lanƙwasa, haka ake so.

Ɗaga shi sama ka kalle shi ta kai. Bakin nan biyu su leƙo daidai wa daida. Idan ɗaya ya fi fitowa ko ya karkace, sassauta ka gyara. Gidajen reza masu araha sun fi yin wannan, kuma yawancin yankan da ake ɗora wa "mugunyar reza" daga nan yake.

Mataki na 5: Haɗa kumfa

Jiƙa buroshin, ka yarfe shi sau ɗaya ko biyu, ya zama da danshi amma ba ya ɗiga. Na gashin dabba sai ya yi minti uku zuwa biyar a cikin ruwan ɗumi kafin nan. Idan sabulun na cikin gwangwani ne, murza kan buroshin a kansa na kimanin daƙiƙa 30, har gashin ya ɗauki sabulu ya yi kauri. Idan kirim ne, matsa kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu a kwano. Idan sanda ce irin Arko, goga ta kai tsaye a jiƙaƙƙen gashin fuska, sannan ka bi da buroshi.

Yanzu sai kaɗawa, a kwano ko a fuska, kana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. Ɗigo nake nufi: tsoma kan yatsu ka yayyafa, ka kaɗa, ka sake. Da farko za ta yi manyan ƙwayoyi, ci gaba. Bayan minti ɗaya ko biyu za ka ga ta haɗe ta yi sheƙi kamar kindirmo mai kyau. Ɗan lakata tsakanin yatsu biyu ka murza. Idan ka ji santsi, ta yi. Idan tana danƙo kamar man goge baki, ƙishirwa take ji, ƙara ruwa. Idan tana zuba tana ɓacewa, ruwa ya yi yawa, koma kan sabulu.

Kuskuren masu farawa kusan ɗaya ne, wato busasshiyar kumfa. Suna son su ga tudu fari kamar na talla, su manta aikinta santsi ne ba ado ba. Gara mai ɗan ruwa-ruwa da sheƙi a kan mai tsayi da ta bushe.

Hattara: idan ka yi duk wannan amma kumfa ta ƙi tashi, zargi ruwanka kafin ka zargi sabulu. Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse yana kashe kumfa, kamar yadda mata ke gani a wajen wanki. Rabin ledar ruwan sha ya isa aski ɗaya, gwada da shi ka ga bambanci.

Mataki na 6: Shafa ta a fuska

Fara da murzawa a kewaye, a hankali, don gashin da ya kwanta ya miƙe kumfa ta shiga ƙarƙashinsa. Ga mai gashi mai murɗewa wannan shi ne babban amfanin buroshi, abin da yatsa ba zai yi ba. Sannan ka daidaita ta kamar mai fenti. Da hunturu kumfa tana bushewa nan da nan, don haka shafa wa kunci ɗaya ka aske, sannan ka koma ɗayan.

Mataki na 7: Riƙo da karkata

A nan aikin yake. Abin aski na roba kansa yana lanƙwasa ya bi fuska da kansa, kuma ba shi da nauyi, shi ya sa ya koya wa mutane dannawa. Wannan kuwa kansa a sandare yake, kai ne za ka nemo masa karkatar da ta dace, kuma bakinsa a buɗe yake.

Riƙe shi da yatsu uku, sako-sako, kamar yadda ake riƙe alƙalami, ba kamar ƙotar fartanya ba. Ɗora saman murfin a kuncinka, mariƙin ya miƙe waje sosai, yana kallon bango. A haka reza ba ta taɓa fata. Sai ka riƙa sauke mariƙin ƙasa sannu a hankali kana ɗan ja, har ka ji ta fara cin gashi. Tsaya a nan. Kimanin digiri 30 ke nan tsakanin rezar da fata, amma ba sai ka auna ba, kunnenka zai gaya maka: akwai wani ƙaras-ƙaras da take yi idan ta samu daidai. Don haka a makonnin farko kashe rediyo, kashe famfo, ka saurara.

Idan ka sauke mariƙin ya kusa kwanciya a fuska, rezar kankara za ta riƙa yi ba yanka ba, kuma wannan ne ke kawo raɗaɗin da ake ji bayan aski kamar an shafa barkono.

Game da dannawa, ƙa'idar ita ce kumfar kake sharewa, ba gashin ba. Ɗora, ka bar nauyin ƙarfen ya zauna, ka ja. Idan ka ga fata ta lotsa a ƙarƙashinsa, ka danna. Wuyan hannu ya tsaya cak, dantse ne ke tafiya.

Mataki na 8: Zagaye na farko

Bi kwanciyar gashi kawai, kamar yadda ka gano a mataki na 2. Ja gajere-gajere, kamar faɗin yatsu biyu, ka ɗaga, ka sake ɗorawa. Bayan ja biyu ko uku juya ɗaya bakin, idan shi ma ya cika ka ɗauraye a ruwa. Fara da kumatu, inda fili yake kuma gashin ya fi laushi, sai gefen wuya, ka bar haɓa da gashin baki a ƙarshe don su daɗe suna shan kumfa.

Haɓa da muƙamuƙi wurin kwana ne, kuma duk inda fuska ta yi kwana karkatar reza tana canzawa. Ƙara gajarta ja a nan, kana gyara mariƙin a kowane taku. A ƙarƙashin leɓe, tura harshe ko iska don wurin ya baje. A zakaran wuya kada ka bi ta kan ƙashin: haɗiyi yawu ka riƙe, ko ka ɗan ture fatar gefe da yatsa ka aske ta a can.

Ga masu barin gemu, share kumfar da yatsa a kan layin da kake so kafin ka fara, don ka ga inda za ka tsaya. A wuya, yawanci faɗin yatsu biyu sama da zakaran wuya yana yin kyau, idan ka hau sama da haka gemun sai ya zama kamar an liƙa shi. Maganar iyakar gemu a shari'a kuwa ta malamai ce, ni ta reza nake yi.

Hattara: abu biyu ke yanka mutum. Na ɗaya, zamewar reza a gicciye, wato ta tafi ta tsawon bakinta kamar wuƙa a kan nama. Kullum gaba take tafiya, in za ka sauya wuri ɗaga ta. Na biyu, komawa wurin da babu kumfa don ka hango ɗan gashi ya rage. Hannu zai yi ta ƙaiƙayi, ka hana shi. Bayan zagayen farko dole ka ji saura, ba a gama ba ne.

Mataki na 9: Zagaye na biyu, da wanda bai kamata ka yi ba

Ɗauraye fuska, sake shafa kumfa daga abin da ya rage a buroshi. Wannan karon ratsa gashin za ka yi ta gefe: idan ƙasa ya kwanta, kai ka tafi daga kunne zuwa hanci. A mako biyun farko ma ban ba ka shawarar wannan ba, maimaita bin kwanciyar sau biyu ya wadatar. A wuya kuwa, ni har yau ban wuce haka ba.

Za ka ga Turawa da yawa suna ƙara zagaye na uku, suna saɓa wa gashin gaba ɗaya don fuska ta yi sulɓi. Gashinsu miƙaƙƙe ne, yana fitowa ya wuce abinsa. Namu a lanƙwashe yake tun daga cikin fata. Idan aka yanke shi ƙasa-ƙasa, bakinsa yana yin tsini kamar allura, kuma da ya fara tsiro sai ya lanƙwaso ya soki fata, ko ma ya kasa fitowa ya ci gaba da girma a ciki. Jiki ya ɗauke shi kamar ƙaya, wurin ya kumbura, ya yi ruwa, ya warke ya bar baƙin tabo. Abin da ke faruwa ke nan, ba ƙazantar reza ba ce kullum kamar yadda ake cewa. Abin aski mai baki da yawa ya fi jawo wannan, don bakin farko yana fizgo gashin waje, na bayansa su yanke, sai guntun ya koma ƙasa da fata. Reza mai baki ɗaya a daidai fata take yankewa, kuma wannan ne dalilin da ya sa mutane da yawa ke samun sauƙi da ita. Amma idan ka saɓa wa gashin, ko ka ja fatar ta yi tauri kamar ganga kafin ka aske, ka mayar da kanka gidan jiya.

Ma'aunin shi ne ido, ba yatsa ba. Idan a madubi fuska ta fita fes, an gama, ko da kana jin ɗan kaushi in ka shafa sama. Ba wanda zai zo ofis ya shafa maka kunci.

Mataki na 10: Idan har da kai za a aske

Ka yi wata guda a fuska kafin ka hau kai. Rage sumar da kilifa sosai, jiƙa, shafa kumfa ɓangare-ɓangare. An ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, amma ga mai yi wa kansa, ƙeya ce wurin wahala: ba ka gani, fatar tana da ninki, kuma nan makero ya fi kama mutum. Sunkuyar da kai don ninkin ya baje, ɗaya hannun yana bin bayan reza yana lalube, zagaye ɗaya tak, da sabuwar reza. Kula da bayan kunne, naɗe kunnen ƙasa da yatsa. Wanda ya taɓa yin makero mai tauri a ƙeya, shawarata kada reza ta sake zuwa wurin, kilifa ta ishe shi.

Mataki na 11: Bayan aski

Wanke kumfar tas da ruwan ɗumi, ka bi da mai sanyi. Jiƙa alif ka shafa a hankali a duk inda reza ta bi, bar shi rabin minti zuwa minti ɗaya, ka ɗauraye. Yana tsayar da ɗan jinin da ke tsattsafowa, kuma shi ne alƙalin askinka: inda ya yi maka zafi sosai, nan ka danna ko ka karkata ba daidai ba. Riƙe wurin a ka don gobe. Ranar da ka shafa ka ji shiru, hannunka ya faɗa.

Tsane fuska da tawul ta hanyar dannawa, ban da gurzawa. Narkar da ɗan man kaɗanya kamar ƙwayar wake a tafin hannu ka shafa. Kaɗan ya isa, mai yawa yana toshe fata.

Hattara: kada ka bar alif ya bushe a fuska ya kwana, yana busar da fata ƙwarai. Kada ka kwarara sifirit ko turare a sabon aski, zafin da kake ji ba alamar magani ba ce. Idan ka yanke, danna wurin da tsabtatacciyar auduga minti biyu ba tare da ɗagawa kana leƙe ba. Kuma wanda ke amfani da hodar aski mai cinye gashi, kada ya haɗa ta da reza a wuri ɗaya sai an samu tazarar aƙalla kwana biyu, in ba haka ba fuska za ta ƙone.

Mataki na 12: Wanke kaya da zubar da reza

Sassauta gidan rezar, ɗauraye gashi da kumfar da suka maƙale, yarfe ruwan, ka ajiye a inda iska ke shiga, nesa da hannun yara. Kada ka goge bakin reza da tawul, kana dakushe ta ne kuma kana neman yanka. Sau ɗaya a wata kwance shi duka ka wanke da tsohon buroshin haƙori. Buroshin aski kuma a wanke shi har ruwan ya fita garau, a matse a hankali, a yarfe, a bar shi a sarari. Idan ka kulle shi a jaka da danshi, da damina zai yi fumfuna.

Reza ɗaya tana yin aski uku zuwa biyar. Mai gashi mai tauri ya tsaya a uku. Da ka ji ta fara ja, lokacinta ya yi, ko da jiya ka saka ta. Tsohuwar kuma kada ta shiga kwandon shara tsirara, yara da masu kwasar bola da dabbobi duk suna bi ta nan. Huda gwangwanin madarar nan da tsaga daidai faɗin reza, ka riƙa zurawa a ciki. Zai yi shekaru bai cika ba, idan ya cika ka buga bakin ya rufe.

Hattara: reza ba a aro, ba a ba da aro, ko tsakanin wa da ƙane. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya yin mako guda a raye a busasshen jinin da ido ba ya gani, kuma nau'in C da cutar ƙanjamau su ma ta jini suke bi. Alif da tawul ma kowa da nasa.

Mataki na 13: Makonnin farko

Askin farko zai ɗauke ka minti 20 ko fiye, kuma da wuya ya kai na shago kyau. Kada ka fara shi ranar ɗaurin aure ko da safiyar da kake sauri, zaɓi yammacin da ba ka da inda za ka. Zuwa aski na goma za ka sauko minti goma.

Idan abu bai yi daidai ba, canza abu ɗaya kawai a lokaci guda. Raɗaɗi ko'ina yana nufin dannawa ko karkata. Fizga tana nufin reza ta dakushe ko gashi bai jiƙu ba. Reza tana tsalle tana maƙalewa, kumfa ce ta bushe. Wanda ya sauya reza da sabulu da gida duk a rana ɗaya ba zai taɓa sanin mai laifin ba.

Tazarar kwana biyu zuwa uku ta fi dacewa da yawancinmu: fata ta huta, gashin kuma bai yi tsawon da zai lanƙwaso ya koma ciki ba. A ranakun da ba ka aski, goga wurin a hankali da jiƙaƙƙen tawul mai ɗumi lokacin wanka, yana sakin gashin da ke shirin maƙalewa. Idan ka hango wani ya yi lanƙwasa ya shige fata, ɗago bakinsa da tsabtatacciyar allura ka bar shi a nan, kada ka tumɓuke, kada ka haƙa. Ƙurajen da suka fara ɗurar ruwa, ko suka yi tauri suna haɗewa suna girma, musamman a ƙeya, sun wuce maganin alif da man kaɗanya. Ajiye reza ka je wurin likitan fata tun suna ƙanana.